Akuya tana tari ya ƙi tafiya: farin magani, aibamektin, lebamisol ko allurar ciwon huhu?

Ina da wata jar akuya, uwar garke ce, haihuwarta huɗu a hannuna, ta shafe kusan wata uku tana wani irin busasshen tari, yawanci da sassafe in an buɗe musu ko in sun ɗan yi gudu, sai ta tsaya ta miƙe wuya ta yi sau uku sau huɗu sannan ta ci gaba da cin abincinta kamar ba ita ba. Ba ta rame sosai ba, tana tuƙa, kashinta lafiya lau. Ni a lokacin iyakar sanina shi ne in dabba na tari allura ake mata, toh na sa mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, oksitetarasaikilin irin wadda ake ce wa LA wato mai daɗewa a jiki, shiru, bayan kwana uku na ƙara, shiru kamar an shuka dusa, sai nace ai tsutsa ce na ɗura mata albendazol sau ɗaya, tarin ya ɗan lafa sati biyu ya dawo, wani ya ce in gwada lebamisol na gwada, nan ma dai tsugune ba ta ƙare ba. Magani sau huɗu a jikin akuya ɗaya ban san me nake yaƙa ba. Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni wanne ya fi tsakanin magungunan nan, sai in ce masa tsaya tukuna, wane irin tari ne.

Abu na farko ma ba magani ba ne, ma'aunin zafin jiki ne. A sa mata a dubura, zai fi kyau da safe kafin rana ta buge ta. Akuya mai lafiya zafinta yana tsakanin 38.5 zuwa 39.7 a ma'aunin Salshiyos, numfashinta kuma kamar 15 zuwa 30 a minti in tana kwance hankali kwance. In ka ga ya haura 40, ta daina cin abinci, kunnuwa sun zube, majina mai kauri, numfashi sama-sama tana ware kanta gefe, wannan maganar ciwon huhu ce ta ƙwayoyin cuta kuma ba ta jira, akuya na iya tafiya cikin kwana ɗaya ko biyu, maganin tsutsa ko tulu guda ka ɗura mata ba abin da zai yi. Amma in ba zazzaɓi, tana ci tana sha, tarin ne kawai ya ƙi barinta sati da satuttuka, toh a nan ne tsutsar huhu take shigowa lissafi, ita da ƙura da warin fitsarin ɗaki.

Ita kanta tsutsar huhun ba iri ɗaya ba ce, kuma a nan yawancinmu muke faɗuwa. Akwai babba, masana na kiranta Dictyocaulus filaria, fara ce kamar zare, tana iya kai santimita 10, a cikin bututun iska take zama, akuya na ɗaukarta kai tsaye daga ciyawar da kashin wata ya taɓa. Wannan tana sa tari mai ƙarfi musamman a ƙanana, amma ba ta da taurin kai, kusan duk maganin tsutsa na kirki yana kashe ta. Sai kuma ƙaramar, Muellerius capillaris, siririya kamar gashi, ita ba a bututu take ba, nutsewa take cikin naman huhun kansa ta yi 'yan ƙulalai ta zauna a ciki, kuma ba ta shiga akuya sai ta bi ta jikin dodon koɗi ko ɗan uwansa mara kwanso, akuya ta haɗiye shi da ciyawa ba ta sani ba. Tana iya shekaru a huhu, tana taruwa a hankali, shi ya sa tsofaffin awaki suka fi fama da ita. Tunkiya takan ɗauke ta ba wani abu, akuya ce take jin jiki. Kuma ita ce aka fi samu a awaki, ita ce kuma magani sau ɗaya ba ya gamawa da ita.

Wani abin haushi, gwajin kashi na yau da kullum, wanda ake neman ƙwan tsutsa, sau da yawa ba ya nuna ta, don tsutsar huhu ba ƙwai ake gani a kashi ba, 'ya'yanta ne masu rai. Gwajinta daban ne, sunansa gwajin Baermann: a ƙulle kashi a ɗan ƙyalle mai shara-shara a rataya shi cikin ruwa mai ɗumi a mazurari ya kwana, 'ya'yan tsutsar su fito su nutse ƙasa, a ɗebi ɗigon ƙasan a duba a madubin likita. In za ka kai wa likitan dabbobi ka faɗa masa tari kake bi, kuma ka ɗebo kashin daga jikin akuyar kai tsaye ko wanda ya faɗo yanzu-yanzu a wuri mai tsabta, wanda ya jima a ƙasa tsutsotsin ƙasa sun riga sun shige shi za su rikita gwajin. Ni ranar da aka nuna min nawa na ga abin yana motsi, da 'yar lanƙwasa a wutsiya, wai da wannan lanƙwasar ake gane ƙaramar ce.

Toh mu zo kan magungunan tsutsar. Duk yawan kwalaben da kake gani da sunaye kala-kala, asalinsu gida uku ne, in ka canza kwalba ba ka canza gida ba toh ba ka canza komai ba, sai ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin babban sunan.

Gidan farko shi ne farin magani, albendazol da fenbendazol da oksifendazol. Kyawunsu ba su cika yin illa ba ko hannunka ya ɗan zarce, suna kashe tsila, albendazol ma yana taɓa tsutsar hanta amma manyan kawai, ƙananan da ba su balaga ba ba ya samunsu. Matsalarsu su ne aka fi daɗewa ana amfani da su, tun 1961 na farkonsu ya fito, kuma su ne tsutsar ciki ta fi sabawa da su, a garke da yawa ka ba da shi kamar ka ba da ruwan kanwa. A ɓangaren huhu kuma, babbar tsutsar tana mutuwa, ƙaramar ko sau ɗaya sai dai ta yi likimo, ta daina zubar da 'ya'ya na ɗan lokaci ka ɗauka an gama, bayan 'yan makonni ta farfaɗo, abin da ya faru da jar akuyata kenan. In za a yi ta da farin magani fenbendazol ake ɗauka a maimaita shi kwanaki a jere, wani lokaci a huta a sake, yawan kwanakin likita ne zai tsara. Sannan ga maganar ciki, wadda ba wasa ba ce: albendazol ba a ba akuya a watan farko na ciki, yana iya jawo ɓari ko ɗan ya fito da nakasa, kuma in bunsuru yana yawo cikin garke kullum ai ba ka san wadda ta ɗauka jiya ba. Fenbendazol ba shi da wannan matsalar. Don haka ni in garke a haɗe yake, tsakanin su biyun fenbendazol nake ɗauka ba ko tantama, sai dai in tsutsar hanta nake bi.

Gida na biyu su aibamektin, a jikin kwalba za ka ga an rubuta ivermectin, da 'yan uwansa doramektin, moksidektin da efirinomektin. Ya shigo kasuwar dabbobi a 1981, waɗanda suka gano shi, Satoshi Omura na Japan da William Campbell, sun samu kyautar Nobel a 2015, kuma gaskiya ya cancanta, sai dai mun mai da shi maganin komai da komai. Ba ya kashe tsila, ba ya kashe tsutsar hanta sai in an haɗa shi da wani maganin a kwalbar. Inda ya fi farin magani nesa ba kusa ba shi ne abin da ke wajen hanji: ƙazuwa, kwarkwata mai shan jini, da tsutsar hanci. Wannan ta ƙarshen a kula da ita, wani ƙuda ne yake ajiye 'ya'yansa a ƙofar hancin akuya su haura ciki su girma, sai ka ga tana atishawa tana girgiza kai tana goga hanci a ƙasa, majina wani lokaci da ɗan jini-jini, mutane da yawa tari suke ce masa alhali atishawa ce, kuma farin magani da lebamisol duk ba sa taɓa ta, aibamektin ne gwaninta. A huhu yana gamawa da babbar tsutsar, ƙaramar kuma yana rage ta sosai amma shi ma yawanci sai an maimaita bayan makonni.

Sai tambayar da kullum ake yi, allura ko ta baki ko wanda ake zubawa a gadon baya. In tsutsar ciki kake bi, ta baki. Na zubawa a baya don shanu aka yi shi, a akuya ba ya shiga jini yadda ya kamata, rabi-rabi yake shiga, kuma rabin magani shi ne makarantar da tsutsa take koyon jure shi. Allura tana da amfani a ƙazuwa, amma tana daɗewa a jiki tana raguwa a hankali, wannan dogon jelar ma yana taimaka wa tsutsa ta saba, ga shi tana daɗewa a nono da nama, in ana tatsar akuyar ana sha toh sai ka yi lissafin kwanakin da za a zubar da nonon, kuma na aibamektin ba kaɗan ba ne. Efirinomektin ne ba ya fita a nono sosai, shi ya sa masu awakin tatsa suke sonsa. Moksidektin kuwa ya fi aibamektin ƙarfi, yakan yi aiki inda wancan ya gaza, amma gidansu ɗaya, in ka mai da shi na kullum ba da jimawa ba shi ma zai bi sahu, ni ajiye shi nake sai ta ɓaci.

Na uku lebamisol. Wannan ina girmama shi ina kuma tsoronsa. A garke da yawa inda farin magani da aibamektin suka zama ruwa, shi har yanzu yana kashe tsutsar ciki mai shan jini, kuma yana kashe babbar tsutsar huhu. Amma ƙaramar ba ya mata wani abin kirki, ba ya taɓa tsila ko tsutsar hanta, sannan tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kayar da dabba 'yar kaɗan ce. In ya yi yawa za ka ga akuya tana dalalar da miyau, jiki na rawa, tana tangaɗi, wata ta mutu a gabanka. Ba a ba da shi da ƙiyasin ido, kuma ba a ba wadda ta galabaita ko ta sha zawo jikinta ba ruwa. Don tari kaɗai ba zan ɗauke shi ba. Don akuya mai farin ido wadda sauran suka gaza a kanta, shi ne na farko.

Na ce farin ido, bari in tsaya a nan kaɗan don akuyar da ke tari sau da yawa tana ɗauke da tsutsar ciki ma, kuma tsakanin su biyun ta cikin ce mai kisa. Haemonchus contortus, a tumbin ƙarshe take zama tana shan jini, mace ɗaya tana iya zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ka ja fatar idon ƙasa ka duba cikinta a haske: ja ko ruwan hoda mai kyau lafiya, in ta yi fari fat kamar takarda, ko kuma ka ga ƙarƙashin haɓa ya kumbura ya yi ruwa-ruwa, jini ya ƙare. Akwai katin da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu mai suna FAMACHA, launi biyar ne daga 1 zuwa 5, ana kara shi da ido, mai 4 da 5 magani yanzu-yanzu, mai 3 a awaki yawanci ita ma ana ba ta. Kuma akuya mara jini tana haki in ta yi tafiya kaɗan, sai ka ɗauka huhu ne. In ido ya yi fari ka manta da wanne ya fi wa tari, ka ɗauki wanda ka san yana kashe ta ciki a garkenka, tarin ya jira. Wasu likitocin ma yanzu gida biyu ko uku suke sa a bayar rana ɗaya, kowanne cikakken adadinsa, ɗaya bayan ɗaya, ba a cakuɗa su a sirinji guda.

Maganar adadi ita ce inda ake zaluntar awaki. Yawancin kwalaben nan adadin tumaki ko shanu aka rubuta a jiki, ita kuma akuya hantarta tana narkar da magani da sauri fiye da tunkiya, in ka ba ta na tunkiya ka ba ta rabi. Abin da likitocin awaki suke bi shi ne a ninka na tunkiya sau biyu a farin magani da aibamektin, fenbendazol miligiram 10 a kowane kilo maimakon 5, aibamektin ta baki 0.4 maimakon 0.2, amma lebamisol ɗaya da rabi kawai, wato 12 maimakon 8, kar a kuskura a ninka shi biyu. Misali akuya mai kilo 30, fenbendazol mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, mil 3 kenan. Ka duba ƙarfin da ke jikin kwalbar don albendazol akwai mai kashi 2.5 akwai mai kashi 10, mil ɗaya na mai 10 daidai yake da mil huɗu na mai 2.5, mutane suna ta rikicewa a nan. Kuma a auna ta don Allah, ko ka hau sikeli kai kaɗai sannan ka hau ɗauke da ita ka cire, ido yana ƙarya, na taɓa rantsewa wata ba ta wuce 25 ba ashe 34 ce. Manyan ƙwayoyin nan da ake karyawa da hannu su ma shi ya sa ban cika sonsu ba, rabin ƙwaya ba lissafi ba ne.

Yadda ake ɗurawar ma yana cikin maganar tari. Kar a ɗaga kanta sama a matsa sirinji da ƙarfi tana kuka, maganin zai bi ta maƙoshin iska ya faɗa huhu, kaga ka je maganin tari ka dawo da ciwon huhu na gaske, an gudu ba a tsira ba. Kai a daidai, bakin sirinji ta gefen baki har bayan harshe, a hankali tana haɗiya. Farin magani da aibamektin ta baki sun fi kamawa in an hana ta abinci kamar awa 12 kafin nan, ruwa dai a bar mata, amma ban da mai tsohon ciki da mara lafiya da ƙanana, kuma lebamisol ba ya buƙatar haka.

Allurar kashe ƙwayoyin cuta fa, yaushe. In da zazzaɓi. Oksitetarasaikilin LA ita aka fi samu, miligiram 20 a kilo, tana kama da yawa cikin masu kawo ciwon huhu. Penisilin tana aiki a wasu, amma akwai wata ƙwaya maikofilasma wadda ke kawo mugun ciwon huhun awaki mai yaɗuwa, ita ba ta da bangon da penisilin ke fasawa don haka ba ta jinta sam, a nan tailosin ko oksitetarasaikilin suka fi. Akwai kuma guda ɗaya da ba a kusantar akuya da shi, tilmikosin, wanda ake sayarwa da sunan Micotil, na shanu da tumaki ne, yana kashe awaki, mutum ma in ya soki kansa da shi bisa kuskure yana iya rasa ransa. In kuma ka ga awaki da yawa sun kwanta lokaci ɗaya, zazzaɓi, kwantsa a ido, majina ta bushe ta toshe hanci, gyambo a baki, zawo mai wari, ka yi zargin PPR, wata annobar awaki da tumaki, bairos ce ba allurar da ke kashe ta, sai dai a tallafa wa dabbar a ware marasa lafiya a kira likita da gaggawa, abin da ke tare ta rigakafi ne kuma sau ɗaya yana kare akuya aƙalla shekara uku.

Wani tarin kuma ba na kwalba ba ne ko kaɗan. Ka shiga ɗakin da suke kwana da asuba ka tsuguna daidai tsayin hancinsu, in warin fitsari ya sa idonka yaji toh su a haka suke kwana kullum. Busasshiyar ciyawa mai ƙura ko wadda ta yi fumfuna, in tarin lokacin cin abinci yake tashi ka ɗan yayyafa mata ruwa ka gani. Igiya a wuya, akuya mai fizge-fizge tana shaƙe kanta ta yi ta tari. Sannan akwai waɗanda ba su da magani, tsohuwar akuya tana ramewa tana tari duk abin da aka ba ta a banza, in garken ana samun ƙurji mai kaurin mugunya a gindin kunne ko haɓa, irin wannan ƙurjin yana iya fitowa a cikin huhu, akwai kuma wata bairos mai kumbura gwiwa da ke taɓa huhu a hankali. Waɗannan gwajin jini ko na mugunyar ne ke nunawa, ƙarin allura ɓarnar kuɗi ce.

In aka ce in zaɓa ba tare da gwaji ba, akuya na tari, ba zazzaɓi, cikin fatar ido ja, tana ci: in da atishawa ko ƙaiƙayi a fata aibamektin ta baki, a maimaita. In ana tatsarta ko ina ganin tsila a kashi, fenbendazol na kwanaki. Ita kaɗai ko masu alamar kawai zan ba, ba duk garke ba, don in ka wanke kowa da kowa tsutsar da ta jure ce kaɗai za ta rage ta hayayyafa. Bayan kwana 10 zuwa 14 a sake kai kashi, in ƙwan tsutsar ciki bai ragu da kashi 95 cikin 100 ba maganin ya fara gazawa a wurinka ko da kwalbar sabuwa ce.

Jar akuyar dai fenbendazol aka tsara mata na kwanaki, aka huta aka sake, gwaji na biyu da ƙyar aka ga ɗaya biyu. Amma tarin bai tsaya ranar ba, ya ɗauki kusan sati shida yana raguwa, likitan ya ce huhun da tsutsa ta daɗe a ciki yana da tabo, kar in ga tana tari in sake ɗauko kwalba. Na ɗauke kwatamin ruwansu daga wani lungu mai danshi inda na ɗaga wani tsohon katako na tarar da dodon koɗi sun fi ashirin a manne, na toshe yoyon, na daina sakinsu da sassafe sai raɓa ta bushe. Har yanzu in ta yi gudu sosai takan yi sau ɗaya ko biyu, ta haifi tagwaye bayan nan.